Ƙunshin Inna a Kwandon Sharar Najma

Alhaji Tanimu, yayan matata, ya zubar mini da ƙunshin maganin da Inna ta ɗaure mini da hannunta. A kwandon shara ya zuba shi, a unguwar Najma ta birnin Doha, kwanana biyu da sauka, ina cikin banɗaki. Na fara da wannan ne don na ji ya riga ni buga waya gida, yana ba ku labari a majalisar bakin tasha wai shi ya warkar da ni daga mura. To ga yadda aka yi, daga fitata har dawowata. A aji biyu na sakandare na tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Kun san ni, Sule mai tsire. Shekara ashirin da shida ina gaban tukuba a Malumfashi. A nan kuwa wanke-wanke nake yi a wani gidan abinci, ni da furfurata, ina kankare tukwanen da wasu suka ƙona. Wata huɗu ina roƙon kafil ɗina, wato mai gidan abincin da ya yi mini takardu, ya bar ni in gasa nama sau ɗaya tak ya ɗanɗana. Ran Litinin ya ce to, ran Asabar. In ya yi masa, na bar bakin famfo na koma gaban wuta. In bai yi ba, kar in ƙara tayar masa da maganar. Ran Talata mura ta kama ni.

Hanci ya toshe, jiki ya ɗau zafi, harshe kamar an barbaɗa masa toka. Na tauna ɗanyar albasa na ji kamar rogo. Mai tsiren da ba ya jin ƙamshi ba ya jin gishiri, da me zai haɗa yaji? Kuma na san inda na samo ta. Mu shida muke kwana a ɗaki, gadona na sama daidai bakin na'urar sanyi, rimot kuwa a ƙarƙashin matashin Alhaji yake kwana.

Abin da ke cikin ƙunshin Inna: busasshiyar citta, masoro, kanumfari, gangamau, ganyen ɗoɗɗoya da curin mazarƙwaila. Ranar da na neme shi na rasa, cewa Alhaji ya yi, "Sule, nan Doha ce. In 'yan sanda suka ga ganye da gari a leda, me za ka ce musu? Ka rage ƙauyanci." Na haɗiye saboda surukuta. Yanzu da na kwanta sai ya zo ya tsaya a kaina.

"Ayurbeda za ka sha. Na Indiyawa ne, tun kakanninsu. Ni duk sanda sanyi ya taɓa ni shi nake sha."

"Me ake sa wa a ciki?"

"Ina ruwanka? Ilimi ne, ba tarkace ba. Ka je kasuwar Souq Waqif, layin masu kayan ƙamshi, ka ce tsohon Kerala, sunan jiharsu ke nan a Indiya. Kowa ya san shi."

Alhamis, fita daga Najma

Ran Alhamis ba ni da aiki. Na yi asuba, na fito ƙarfe biyar da minti goma, da rigar sanyi biyu da rawani a wuya da ƙullin tishu a aljihu. Najma ba ta jira gari ya waye. Motocin ma'aikata sun jeru, masu gasa gurasa sun buɗe, wuraren canjin kuɗi ne kawai ke rufe. Na taka minti goma sha biyar zuwa tashar jirgin ƙasa, na tsaya sau uku ina fyace hanci.

Jirgin nasu a ƙarƙashin ƙasa yake gudu, riyal biyu ne, kuma ba shi da direba. Wannan ba labari aka ba ni ba, na leƙa da idona. Na shiga taragon da na ga babu cunkoso, na baje. Sai ga wata ma'aikaciya da rigar aiki tana nuna mini allo, wai wannan na masu iyali ne. Na tattaro ɗan Turancina na ce ina da iyali, mata ɗaya, 'ya'ya bakwai. Ta ce suna ina? Na ce Malumfashi. Ta nuna mini ƙofa.

Taragon gwauraye kuwa ba wurin sa ƙafa. Amma atishawa uku na yi a jere aka buɗe mini fili kamar na mutum huɗu. Amfanin da mura ta yi mini a wannan tafiya ke nan. Na canja jirgi sau ɗaya, na fito ƙarfe shida da 'yan mintuna.

Souq Waqif

Kasuwa a rufe. Alhaji bai ce mini sai wajen takwas ake buɗewa ba. Ni da tattabaru da kyanwoyi muka riƙe filin. Kasuwar an gina ta kamar ta zamanin da, da bangon ƙasa da azara, amma tsafta kamar asibiti. Na sayi shayin karak kofi ɗaya, wanda suke dafawa da madara har ya yi kauri. Kowa yabonsa yake yi. Ni ruwan zafi na sha mai launin ƙasa.

Da aka buɗe na shiga layin masu kayan ƙamshi. Buhuna jere hagu da dama, ja da rawaya da baƙi. Na faki idon mai shago na tura hancina cikin buhun kanumfari har gemuna ya taɓa. Ban ji komai ba. Na ga Asabar ta zo ta wuce, na ga kaina ina kankare tukunya har haƙorana su zube.

"Masa, saya za ka yi ko kwana za ka yi a ciki?"

Da Hausa aka faɗa, irin ta Gana da ake ce wa maigida masa. Wani ƙato ne mai gyara buhuna, ya ce sunansa Isaka, ɗan Zangon Kumasi. Muka gaisa, na gaya masa wanda nake nema. Ya yi dariya har ya dafa buhu.

"Tsohon Kerala? Shekara biyu da tashinsa. Wa ya aiko ka?"

"Surukina."

"To surukinka ba ya sonka. Yana Madinat Khalifa yanzu. Bayan masallaci, tsakanin mai wanki da mai aski."

Ku riƙe wannan: a tsakiyar buhunan citta da masoro na tsaya aka ba ni wannan kwatance. Za mu dawo kansa.

Madinat Khalifa, wadda ba ita ba

Na tari tasi ƙarfe tara saura kwata. Direban ɗan Sudan ne, dogo har kansa na taɓa rufi. Mun yi nisa sai ya ce ta arewa ko ta kudu? Ashe unguwar biyu ce. Na yi tunani, Isaka mutumin kudu ne, na ce ta kudu. Tafiyar wajen kilomita goma, riyal ashirin da huɗu. Ya sauke ni gaban wani masallaci ya ce yalla, wato in sauka, ya wuce.

Na zagaya bayan masallacin, babu mai wanki babu mai aski. Na nemi wani masallacin, shi ma haka. Minti arba'in ina yawo tsakanin katangu iri ɗaya, ƙofofi a rufe, motoci a lulluɓe. A garin nan ba a zama a ƙofar gida, balle ka samu wanda za ka tambaya. Rana ta ɗaga, zazzaɓi ya dawo, ina rawar sanyi ina gumi lokaci ɗaya. Na isa rumfar jiran bas ta gilashi, na tura ƙofa, sanyin na'ura ya mare ni. Na ce ni da ke ba mu sake haɗuwa. Na tsaya a waje ina ambaton Alhaji Tanimu da duk abin da ya dace da shi.

"Kawu, wa ake yi wa wannan addu'a da hantsin nan?"

Wata mata ce da farin takalmi da jaka a kafaɗa. Sunanta Rahila, 'yar Kagoro, nas ce, ta taso daga aikin dare za ta gida. Kafin in gama bayani ta ɗora bayan hannunta a goshina.

"Yaushe ka baro Najeriya?"

"Wata huɗu."

"Ƙirji yana maka nauyi? Kana amai?"

"A'a, Sista. Hanci ne ya yi yaji."

"To saurara. Ga ƙwayar zazzaɓi, biyu yanzu biyu da yamma. Ka sha na tsohon, ban hana ka ba, abokan aikina 'yan Kerala duk wajensa suke zuwa. Amma in gobe da yamma jikin nan bai sauka ba, asibiti za ka a duba jininka. Ka ji ni ko?"

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Na san irinku. Maimaita."

Na maimaita mata kamar ɗan aji ɗaya. Sannan ta ce ina ta kudu ne, tsohon yana ta arewa, ƙetaren babban titi. Na ɗaga ƙafa zan tsallaka ta kamo rigata, wai a nan sai a fitila, in ba haka ba a ci ni tara. Muka taka har fitila, muka dawo ta ɗaya gefen. Ƙarfe goma da minti ashirin muka ga mai wanki, muka ga mai aski, muka ga ƙaramar ƙofa a tsakani.

Wajen tsohon Kerala

Siririn tsoho ne, ɗaure da farin zane kamar mai shirin shiga wanka. Bayansa akwatuna ƙanana ne har rufi, da kwalabe baƙaƙe. Bai tambaye ni komai ba, ya kama wuyan hannuna ya ɗora yatsu uku ya rufe ido. Ya daɗe har na ɗauka barci ya kwashe shi. Ya sa na zaro harshe, ya leƙa, ya girgiza kai irin nasu da ba ka sanin i ne ko a'a. Sista Rahila ce ke fassara.

"Ya ce sanyi da majina sun yi maka yawa, su kafa suke kiransa. Kuma wutar cikinka ta mutu."

"Sista, ki gaya masa shekara ashirin da shida ina hura wuta, ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba."

"Ya ce a ƙarƙashin na'urar sanyi kake kwana?"

Na ce haka ne. Mutumin ya san aikinsa.

Ya jero dokoki. Ba ruwan sanyi, ba nono, ba soye-soye, ba barcin rana. Kwana biyu ba nama, sai kunun shinkafa tsararo da ɗan gishiri, wai a bar ciki ya huta wutar ta tashi. Na ce a gaya masa ni mai nama ne. Ya ce to in sayar, kar in ci.

Sannan ya shimfiɗa takarda a kan teburi ya fara jawo akwatuna. Na gyara tsayuwa, yau zan ga ilimi. Ya ɗebo na farko ya ajiye.

"Cukku."

Na duba. Na ɗauka na juya. Na ce, "Citta."

Ya ɗebo na biyu. "Kurumulaku."

"Masoro."

"Girambu."

"Kanumfari."

"Manjal."

"Gangamau. Kurkum, in ka ga dama."

Ya kawo busasshen ganye ya ce tulasi, har yana ɗaga shi da hannu biyu don girmamawa. Na murza a tafin hannu. Hanci bai ji ba, amma ido ya gane ɗan'uwan ɗoɗɗoyar da ke fitowa a bayan randar Inna, wadda awaki ma ba sa kulawa. Da ya fasa wani curi mai ruwan ƙasa ya ce sharkara, sai na zauna a kan kujera, na tuna buhunan da na baro a Souq Waqif.

"Kawu, lafiya?"

"Sista, mazarƙwaila ce. Jirgi biyu na hau da tasi, na zo sayen mazarƙwaila."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Ta fassara masa labarin ƙunshin da kwandon shara. Tsohon bai yi dariya ba. Ya tambayi wa ya haɗa ƙunshin, na ce mahaifiyata. Ya haɗa tafukansa a ƙirji ya sunkuyar da kai, ya ce Mama dokta. Baƙo a ƙetaren teku ya girmama Inna, ɗan unguwarmu da ya ci tuwonta ya jefa ta a shara.

Don in yi adalci, akwai abu ɗaya da ban sani ba, tippali, wani dogon masoro mai kama da ƙaramar kimba. Kuma su da awo suke yi. Kofi huɗu na ruwa, a zuba kayan a daddake, a bar shi yana tafasa a buɗe har ya koma kofi ɗaya, a tace, a jefa mazarƙwaila, a sha da ɗumi safe da yamma kafin abinci. Inna kuwa cewa take a bar shi har ruwan ya ja baya. Gangamau da gishiri na kurkurar maƙogwaro ne. Ganyen kuma a zuba a tafasasshen ruwa a lulluɓa da bargo. Yana ta kwatanta mini da hannu, na ce a gaya masa ya huta, sirace ne, da shi aka yaye ni.

Riyal talatin da biyar ya karɓa. Na ce ya ƙara mini citta da masoro da kanumfari daban. Ya ce ya yi yawa ga mutum ɗaya. Na ce wannan na rago ne.

Komawa, da Juma'a

Na yi wa Sista Rahila godiya ta sa ni a bas, bas ta kai ni tashar jirgi, na shiga taragon gwauraye ba tare da gardama ba. Ƙarfe ɗaya saura na shiga Najma.

A kicin ɗinmu na haɗaka na ɗora tukunya. Tururi na tashi ɗan Nepal ya leƙo ya ce wannan na uwarsa ne. Ɗan Bangaladash ya ce ƙarya ne, na kakarsa ne. Kowa da tsohuwarsa ashe, ni kaɗai aka zubar wa tawa. Na sha, ya ƙone ni tun daga leɓe har cibiya. Na yi sirace har sai da na ga taurari. Batirin rimot kuwa na cire na jefa a aljihun rigar sanyi, Alhaji ya yi ta bubbuga rimot ɗin a tafin hannu yana zagin kamfani.

Juma'a na yi ta a kan kunun shinkafa, abincin da ko ɗan yaye sai ya kai ƙara. Bayan la'asar gumi ya karyo mini, jiki ya yi sanyi, na tura wa Sista saƙo. Hanci kuwa shiru.

Asabar

Na farka da kiran sallah. Ina zaune a bakin gado sai wani abu ya doke ni: safar maza shida, da takalman aiki, da ragowar kifin ɗan Bangaladash. Jama'a, ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba. Na zauna ina shaƙa kamar turaren Makka. Ƙofar hancin hagu ce kawai ta buɗe, amma ta ishe ni. Ko maganin tsohon ne, ko ƙwayar Sista, ko murar ce ta gaji da ni, Allah ne masani. Ni dai na san abin da na sha.

Ƙuli-ƙuli na riga na samu wajen wani Basakkwace. Na daka shi da cittar tsohon da masoro da kanumfari da barkono, na ɗanɗana, gishiri ya yi mini magana. Ƙarfe huɗu na yamma na tsaya gaban gawayi. Kafil ya ɗauki tsinke ɗaya ya ci. Ya ɗauki na biyu. A na huɗu hawaye na zubo masa, yana neman tishu, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Daga gobe kana gaban wuta."

Na gode wa Allah. Na gode wa Isaka, da Sista Rahila da ta bar barcinta, da tsohon Kerala, har da matar da ta kore ni daga taragon iyali, aikinta take yi.

Lahadi

Da safe ina ɗaura takalmi na ji atishawa daga gadon ƙasa. Ta biyu. Ta uku. Alhaji Tanimu ne a dunƙule cikin bargo, ido jawur.

"Sule, akwai ragowar Ayurbedan nan?"

"Akwai, Alhaji."

"Ka ga abin da nake gaya maka ko? Da ka tsaya kan tarkacen gida da yanzu kana kwance."

Na je na dafa masa, kofi huɗu ya koma ɗaya. Na dawo da kofin a hannun dama, takardar tsohon a hagu. Na warware ta a kan bargonsa, na jera masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo hannu zai karɓi kofi, na ja baya. Na ciro wayata na lalubo lambar ƙanena da ke gida ɗaya da Inna. Shekara goma sha tara ina auren ƙanwarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

Na ce, "Alhaji, duba da kyau. Wannan citta ce, wannan masoro, wannan kanumfari, wannan mazarƙwaila. Shekara nawa kana shan ƙunshin Inna kana ce masa ilimi, don Ba'indiye ne ya miƙo maka a kwalba. Da tsohuwa ta ɗaure shi a tsumma sai ya zama ƙauyanci. Mutumin da ka aike ni wajensa sunkuya mata ya yi, bai taɓa ganinta ba. Kai kuwa ta goya ka ranar da aka haifi matata. Ga waya tana ƙara. Ka gaishe ta, ka gaya mata da bakinka inda ka kai kayanta, ka ba ta haƙuri. Ka yi sauri, wannan da ɗumi ake shan sa, ni kuma wuta tana jirana."